Maganin Ciwon Hanta: Ba a Fara Shi da Ka, Ba a Barin Sa da Ka

Ina gaida na cikin birnin Daura, ina gaida na Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure, har da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka da ke kama mu. Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai saƙar hula ta ci gaba da saƙarta, kunne kawai nake so a ara mini.

Yau maganarmu a kan wata ƙwayar magani ce guda ɗaya, wadda ta shiga gidaje da yawa a ƙasar nan, amma ba kowa ya san ladubbanta ba. Sunanta tenofovir. Ita ce likitoci suka fi rubuta wa mai ciwon hanta nau'in B, wanda za ki ji ma'aikatan asibiti na kira hefatayitis B. Wata za ta ce, to ni ina ruwana, ba ni da shi. 'Yar uwa, tsaya ki ji. Babban binciken da gwamnatin tarayya ta yi gida-gida a shekarar 2018 ya nuna cewa a cikin 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64, kusan mutum 8 cikin kowane 100 suna ɗauke da ƙwayar wannan cuta. Ki ƙirga matan da ke taruwa a gidan suna guda ɗaya, sai ki gane ba maganar nesa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya, kuma ta yi ajalin sama da mutum miliyan 1 a wannan shekarar kaɗai. Akasarin masu ita ba su ma san suna da ita ba, don ciwo ne mai aikinsa a ɓoye.

Bari in fara da abin da maganin yake yi, don in an fahimci wannan, sauran bayanin zai zo da sauƙi. Ƙwayar cutar nan, wato bairos, cikin hanta take zama tana hayayyafa. Shekara da shekaru jiki na faɗa da ita a cikin hantar, kuma kin san in giwaye na faɗa ciyawa ce ke shan wahala. Hantar sai ta yi ta samun tabo, har ta taurare ta ƙanƙance, wani lokaci abin ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Aikin tenofovir shi ne ya hana ƙwayar cutar hayayyafa. Ya danne ta, hanta ta samu ta huta, har ta fara gyaruwa. Amma fa a lura, dannewa na ce, ban ce kashewa ba. Kamar tukunyar da ke tafasa ce kika ɗora mata murfi kika danne da dutse. Muddin dutsen na nan, lafiya lau. Shi ya sa mafi yawan waɗanda aka ɗora a kan wannan magani shekaru suke yi suna sha, da yawa ma har iyakar rayuwa, kamar mai hawan jini ko mai ciwon suga.

Kada a haɗa shi da ɗan uwansa, ciwon hanta nau'in C. Shi wannan yanzu ana warkewa sarai da wasu ƙwayoyi na daban, yawanci cikin mako 12. Na faɗi haka ne don kada ki ji maƙwabciyarki ta sha nata wata 3 ta gama, ke ma ki ce kin cika wata 3 kin gama. Cutarku ba ɗaya ba ce.

To, a nan ne babban haɗarin yake, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Mace ta fara shan magani, wata 4, wata 5, ta ji ƙarfi a jikinta, kasala ta tafi, tana cin abinci. Sai ta ce alhamdu lillahi na warke, ta tura kwalbar ƙarƙashin gado. Ko kuwa maigida ya duba aljihu ya ce, tunda kin ji sauƙi a ɗan dakata sai bayan an cire amfanin gona. Wallahi da a ce ƙarfin jini ne ko maganin tari, da sai mu ce ba komai. Amma wannan, in aka ɗauke dutsen nan daga kan murfi, ƙwayar cutar da aka danne takan taso gaba ɗaya, jiki ya far mata, hanta ta kumbura fiye da yadda take kafin a fara magani. Ba a ranar da kika daina abin ke faruwa ba, shi ya sa mutane ba sa danganta shi da dainawar. Sai bayan makonni ko 'yan watanni, kwatsam ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar ruwan shayi, amai ya ƙi tsayawa. Sai a ce shawara ce, a shiga jiƙo. Ga wadda hantarta ta riga ta taurare, wannan tasowar na iya tsayar da aikin hantar ɗungurungum, kuma ana rasa rai a haka. Su kansu kamfanonin da ke yin maganin, wannan gargaɗi ne suka buga a sahun gaba na takardar da ke cikin kwalinsa.

Saboda haka in akwai dalilin da zai sa a daina, likitan da ya ɗora ki shi zai sauke ki, kuma zai ci gaba da gwada jininki na watanni bayan nan. In kuɗi ne suka yanke, kada a yi shiru don kunya. A je a gaya masa tun da sauran ƙwayoyi a kwalba. Kuma tun ranar farko, kafin ki haɗiyi ƙwaya ta farko, ki zauna da maigida ku yi lissafi, ku san tafiya ce mai nisa. A nan ina roƙon iyayenmu maza da ke zaune a zaure suna jin mu: maganin nan a sa shi cikin lissafin cefane, gefe guda da gero da itace. Ba a fafe gora ranar tafiya. In saura ƙwaya 7 a kwalba, lokacin nemo wata ya yi.

Yadda ba a barin sa da ka, haka ba a fara shi da ka. Ba duk wadda aka gwada aka ce tana da ƙwayar cutar ce ke buƙatar magani nan take ba. Sau da yawa a wajen awon ciki ko gwajin kafin aure ko ba da jini ake gano ta, sai hankali ya tashi, a ruga kemis a ce a ba da maganin hanta. A'a. Akwai gwajin da ke nuna yadda hanta ke aiki, akwai wanda ke ƙirga yawan ƙwayar cutar a jini, akwai hoton ciki. Da su likita zai ce ke ki fara, ke kuma a ci gaba da duba ki lokaci-lokaci. A watan Maris na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan, ta yadda mutane da yawa da a da ake ce musu su jira, yanzu sun cancanci magani. Don haka wadda aka gaya wa shekarun baya cewa ba ta buƙata, ya kamata ta koma a sake dubawa. In abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, sukan tura mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Akwai gwaji guda biyu da dole a yi kafin a fara. Na farko gwajin cutar ƙanjamau. Na san wasu da sun ji haka sai fuska ta ɓaci, a ce me likita ke nufi da ni. Ba zargi ba ne, Hajiya. Dalilin shi ne wannan tenofovir ɗin yana cikin magungunan da ake haɗawa a danne ƙanjamau, amma can sai an haɗa shi da wasu guda biyu. In mutum na da ƙanjamau bai sani ba, ya yi ta shan tenofovir shi kaɗai, ƙwayar ƙanjamau na iya sabawa da shi ta daina jin sa, ranar da za a zo yi masa magani an riga an ɓata makami guda. Na biyu gwajin ƙoda, don ta ƙoda maganin ke fita daga jiki, kuma a jikin wasu yakan gajiyar da ita sannu a hankali ba tare da an ji komai ba. Ana yin gwajin kafin a fara, sannan a riƙa maimaitawa aƙalla sau ɗaya a shekara, ko fiye ga mai ciwon suga, mai hawan jini da wadda shekarunta suka ja. In ƙoda ko ƙashi na da rauni, akwai wani sabon samfurin tenofovir ɗin, akwai kuma wani magani mai suna entecavir, likita zai zaɓa.

Wannan ya kawo ni ga wata al'ada tamu ta cikin gida. Mace ba ta fita, sai maigida ko yaro ya ɗauki tsohuwar kwalba ya je ya sayo sabuwa, wata bayan wata, har shekara 2 likita bai sa ta a ido ba. Sayo magani a aika, wannan daidai ne. Amma jini ba a aika shi a kwalbar wani. Dole ita da kanta ta je a ɗiba a gwada. Maigida ya raka ta, ko ya haɗa ta da babbar mace a gidan. Fita neman lafiya da izinin miji ba ta taɓa ɓata kulle ba, ku tambayi malamanku.

Sai maganar haɗe-haɗe, wadda ita ce ta fi damuna. Mu mata ba ma rabuwa da ciwon baya da ciwon gwiwa da ciwon mara, ga daka, ga wanki, ga goyo. Abin da aka saba shi ne a ba yaro kuɗi a ce je kemis ka ce a ba ka na ciwon jiki, a ƙullo masa ƙwaya huɗu ko biyar kala-kala a leda, babu suna. A cikin irin wannan haɗin ba a rasa diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, kuma dukkansu suna matsa wa ƙoda. Ga tenofovir a gefe, ga su a gefe, jaki ɗaya kaya biyu. Haka allurar gentamicin da wasu ke yi wa mutane a gida ba bisa ƙa'ida ba. Ko paracetamol da muke rainawa, hanta ce ke sarrafa shi, in ya yi yawa yana ƙona ta, don haka ki tambayi likitanki adadin da ya dace da ke. Duk asibitin da kika je, ko na haƙori ne, ki fara da cewa ina shan kaza, ki nuna kwalbar.

Maganin gargajiya fa? Ba na raina abin da muka gada, ni ma da dauri aka raine ni. Amma a yi mini uzuri in faɗi gaskiya: duk abin da kika haɗiya, ko saiwa ko sassaƙe ko gari, hanta da ƙoda ne ke tace shi, kuma babu wanda ya auna miki ƙarfin abin da ke cikin jarkar nan. Masu zagayawa da mota da lasifika ranar kasuwa suna cewa sati 2 ciwon hanta ya fita ta fitsari, su ba za su kwana da ke a asibiti ba. Hantar da ke ciwo ba wurin gwaji ba ce. Kuma mafi muni shi ne a ce miki ajiye na asibiti tukuna ki sha wannan, don kin ji abin da ajiyewar ke jawowa. Addu'a kuwa a yi ta ba dare ba rana, ba ta karo da magani.

Kada kuma a yi aro. Abokiyar zamanki idonta ya yi rawaya, tausayi ya kama ki, ki ɗebo mata ƙwaya 10 daga naki. Kin cuce ta kin cuci kanki. Shawara alama ce, ba cuta ɗaya ba, zazzaɓin cizon sauro na kawo ta, sikila na kawo ta, tsakuwar matsarmama na kawo ta. Haka nan kada ki karɓi ƙwayar da ake bai wa masu ƙanjamau kyauta don an ce miki akwai tenofovir a ciki. Akwai shi, amma tare da wasu magungunan da ba ke aka rubuta wa ba. Su kuma 'yan uwanmu masu shan wannan haɗin, tunda zance ya biyo ta kanku: ɗaya daga cikin magungunan da ke ciki, dolutegravir, ba ya shiri da farin maganin gyambon ciki na ruwa da ƙwayar ƙarin jini da ta ƙarfin ƙashi, sukan riƙe shi a hanji su hana shi shiga jini. Ku tambayi ma'aikatan da ke ba ku yadda za ku raba lokacinsu. Kuma in kuna da ciwon hanta tare, barin maganin haɗari biyu ne.

Yadda ake sha ba wuya. Ƙwaya 1 ce a rana, a lokaci guda. Tunda ba kowa ke duba agogo ba, ki ɗaura shi da salla, misali kullum in kin sallame isha'i kin ci tuwo, sai ki sha. Da abinci ya fi kwanciya a ciki. In kin manta, kika tuna kafin awa 12 ta wuce, ki sha. In ta wuce, ki bari sai lokacin na gaba, kada ki haɗa biyu don ramuwa, ba azumi ba ne. In kika yi amai kafin awa 1 da sha, ki sake shan wata. A makonnin farko wasu kan ji tashin zuciya, ciwon kai, jiri ko ɗan gudawa, yawanci yakan wuce.

Da Ramadan sai a mayar da shi bayan shan ruwa ko lokacin sahur, a sha ruwa sosai da dare saboda ƙoda, musamman in azumin ya faɗo cikin bazara. Wadda hantarta ta taurare ko ƙodarta ta taɓu, ta tambayi likita tun cikin Sha'aban ko za ta iya azumin. In tafiya ta kama, biki a Magarya ko Damagaram, goyon ciki a gidan iyaye, ko Allah ya kira ki Makka, ki ƙirga ƙwayoyin da za su kai ki su dawo da ke har da rara, ki sa su a jakar hannu.

Ajiya kuma, kun san zafin Daura a watan Afrilu. Maganin ba ya son zafin da ya wuce digiri 30, ba ya son laima. Kada a bar shi a taga ko madafa ko gindin randa, kada a ɗaure a haɓar zane. A bar shi cikin kwalbarsa a rufe gam, a sa cikin akwati a ɗaki mafi sanyi, inda hannun yara ba ya kai. Ɗan ƙunshin nan da ke cikin kwalbar na tsotse laima ne, ba a sha, ba a kuma yar da shi. In an sayo sabo, a sa mai karatu ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, kuma a saya a kantin magani na ƙwarai. Araha ba ta ado.

Yanzu ga masu juna biyu, don tambayarku ta fi yawa a wasiƙun da ke zuwa mana. Mace tana shan maganin sai ta ga ta samu ciki, sai tsoro ya kama ta, ta ajiye don kada ya taɓa ɗan. Kada ki ajiye. Ki sanar da likita kawai. Tenofovir na cikin magungunan da aka fi sanin halinsu ga masu ciki, mata masu ɗimbin yawa sun sha sun haihu lafiya. Hasali ma, mai cikin da ƙwayar cutar ta yi yawa a jininta, ko da ba ta kan magani, akan ɗora ta a kansa a cikin watannin cikin don a kare jaririn. Ita wannan bayan haihuwa likita na iya sauke ta, amma shi ne mai cewa yaushe. Shayarwa ma ba a hana ba, ki ba ɗanki nono.

Dalilin wannan kulawa shi ne, babban mutum in ya kamu da cutar, yawanci jikinsa kan kore ta da kansa. Jariri kuwa in ya ɗauka wajen haihuwa, 9 cikin 10 da ita za su girma. Kuma akwai allurar rigakafi, kyauta, tana cikin jerin rigakafin yara a Nijeriya tun 2004. Sharaɗinta shi ne ta farko a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. A nan muke tuntuɓe. An haihu a gida, unguwarzoma ta yanke cibi, an ɗora ruwan wanka, kowa na ta barka, sai a ce rigakafi sai bayan suna, wasu ma sai an yi arba'in. Mai jego ba sai ta fita ba. Kaka ko gwaggo ta naɗe jaririn a zane, uban ya kai su asibiti mafi kusa a ranar, a yi allurar a dawo. Sauran kuma a sati 6 da sati 10 da sati 14.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. In an samu mutum ɗaya da cutar a gida, a gwada maigida da sauran matan da yara, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi. Amma don Allah kada a ware wa baiwar Allah kwano da moɗa, kada a cire ta daga girki. Ba a ɗauka ta cin abinci tare, ko gumi, ko gaisawa, ko tari. Ta jini ake ɗauka, da kwanciyar aure, da haihuwa. Abin da za a raba shi ne reza da abin yankan farce da buroshin haƙori da allurar huda kunne, kuma in wanzami ya zo aski ko kaciya ko ƙaho, a tabbatar da sabuwar reza. Ita kuma mai ciwon ta guji gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, don akwai dafi a cikinsu da ke haɗa kai da wannan cuta wajen kawo dajin hanta.

Alamomin da ba a jira gari ya waye a kansu kuwa su ne: ido ya yi rawaya, ciki ko ƙafa su kumbura, aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta, fitsari ya ragu ƙwarai, numfashi sama-sama da kasala mai tsanani, ko mutum ya fara ruɗewa yana yawan barci yana magana ba kan gado. Ciwon ƙashi da raunin gaɓoɓi da suka ƙi tafiya su ma a kai wa likita labari. In za a tafi, a tafi da kwalbar maganin da katin asibiti, a kuma faɗi gaskiyar ranar da aka sha na ƙarshe da duk wani jiƙo da aka sha, ba wanda zai yi faɗa.

Mai kula da na'ura yana ta nuna mini agogo. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki maganar gwajin kafin aure, da abin da ya kamata iyaye su yi in sakamako ya nuna ɗaya daga cikin yaran na da wannan cuta, don na ji ana fasa aure a kan abin da allura 3 za ta magance. Mai tambaya ta ba yaro takarda ya kawo mana, ba sai ta sa suna ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya. A gaida yara, a gaida maigida.